Kalmar Waƙa da Iyayen Yaranmu

A nan Gaya, da malami ya ce yara za su koyi waƙa, wasu iyaye kan ɓata rai, don tunaninsu ya tafi ga kalangu da rawa. Ni kuwa ina ganin an ƙuntata kalmar. Faransancin da muke koyarwa ya ba abin da ake rerawa suna daban, wanda ake rubutawa daban. Hausa ba ta raba su ba.

Abin da Mamman Shata ya yi da kalangu waƙa ne. Abin da Nana Asma'u, 'yar Shehu Ɗan Fodiyo, ta rubuta da ajami kafin rasuwarta a 1864, shi ma waƙa ne, kuma don a rera ta rubuta shi: 'yan taru suka haddace, suka kai wa matan ƙauyuka, da shi suka koyi tauhidi da tarihin Annabi.