Daga Huhun Goro Zuwa SSD: Kayan Zangon Wagadugu da Abin da ke Ɗaukarsu

Ga hirar da muka yi a filin tarihi, mun sa ta a takarda don ka ajiye, ko ka ba yaro ya karanta maka a rumfa ko a ruga.

In ka shiga Wagadugu yau ka tambayi Zango, dattijo zai nuna maka tsakiyar gari, wajen titin Kwame Nkrumah, ya ce maka nan ne a da. Sunan unguwar Zangouettin, kai ma ka ji kalmarmu ta zango a ciki. Masaukin Hausawa ne tun zamanin fataucin goro, lokacin da ayari ke tashi daga Kano da Sakkwato da kanwa da rinannun tufafi da fatu, ya nufi Salaga a ƙasar Gwanja, ya komo da huhunan goro. Wasu ayarin ta ƙasar Gurma da ta Mosawa suke ratsawa. Tafiya ce ta watanni, kuma goro ba ya son wasa, sai ana kwancewa ana yayyafa ruwa ana tsince ruɓaɓɓe.

To, a wannan tafiya madugu ba ya sayen jaki don ya ga yana tsalle a kasuwa. Kowane jaki yana da kuzari da safe. Abin da yake so ya sani shi ne yadda zai yi a kwana na ashirin, da kaya a baya, rana tsaka. Riƙe wannan, za mu komo kansa.

Hanyar ta fara lalacewa bayan Turawan Ingila sun ci Asante a 1874, yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, Faransawa kuma suka shiga Wagadugu a 1896. Daga baya mota ta karɓi aikin jaki. Amma Zango bai daina karɓar kaya daga gabas ba, kayan ne suka sake kama. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, ba a jima ba muryar Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da karatun malamai suka riƙa zuwa cikin kwali tare da atamfa da turare. Wanda bai iya rubutu ba ya ɗauki muryarsa a kaset ya ba direba ya kai wa iyayensa Maraɗi ko Kumasi. A 1990 aka yi Turmin Danya a Kano, finafinan Hausa suka biyo hanya, farko a kaset ɗin bidiyo, sannan a faifan CD.

Shekarar 2003 ta yi wa 'yan kasuwar Wagadugu nauyi. A watan Mayu babbar kasuwa, Rood Woko, ta ƙone, ba a sake buɗe ta ba sai 2009. A cikin shekarar ne kuma aka rushe Zangouettin da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita saboda shirin gwamnati da ake kira ZACA: kimanin hekta 85, mutum wajen 12,500, aka ba su filaye can wajen Ouaga 2000 da Nioko. Wanda ya taɓa yin ƙaura ya san abin da ke fara ɓacewa: hotunan biki, kaset ɗin muryar kaka, takardun da aka cusa a tsohuwar adaka. Shi ya sa maganar inda ake ajiye sauti da hoto ba maganar yara masu kwamfuta ba ce kawai.

Abin da ya kashe kasuwar kaset da CD ɗan mitsitsi ne. Wani injiniya ɗan Japan, Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba, shi ya ƙirƙiro ma'ajiyar da ke riƙe bayani ko babu wuta, kuma babu abin da ke juyawa a cikinta. Irin da ake kira NAND ta fito a 1987. Daga ita aka sami katin memori da ke cikin wayarka. Sana'a ta tashi: yaro da kwamfuta a rumfa, ran kasuwar Pouytenga ko Fada N'Gourma ko Sinkase, kai makiyayi ka miƙa kati a cika maka da waƙa da wa'azi da fim, ka koma daji inda babu intanet. Har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tattara waƙoƙi daga katunan wayoyi a Kidal ya fitar da su a faifai a 2011, ta nan mutanen waje da yawa suka fara jin Mdou Moctar na Nijar.

Rumbun mai turawa kuwa, da farko diski ne mai faifai yana juyawa a ciki. Yana da arha, yana ɗaukar kaya, amma faɗuwa ɗaya daga kan babur ta isa ta gama da shi. SSD ba ta da wannan ciwo, katin memori ce da ta girma. Ta farko da SanDisk ya yi a 1991 mega 20 kacal take ɗauka. Yau ana sayar da mai tera 1, tera 2, tera 4, kuma tera guda giga 1,000 ce.

Ga inda maganar madugu ta komo. Lambar gudun da aka buga a jikin kwali, kuzarin safe ne. A cikin SSD akwai ƙananan gurabe. In gurbi ɗaya ana zuba masa ɗigon bayani uku, sunanta TLC. In huɗu ne, QLC. Ta huɗun ta fi arha, amma cusa huɗu a gurbi ɗaya yana cin lokaci. Dabarar da masu ƙerawa suka yi ita ce su ware wani sashe da ake zuba ɗaiɗai da sauri, kamar zaure da ake jibge kaya kafin a shigar da su ɗaki. Muddin zauren bai cika ba, gudu sai ka ce iska. Da ya cika, sai ainihin halinta ya fito.

Bari in ba ka misali da alƙaluman da kamfanin Samsung da kansa ya bayar. 870 QVO mai tera 1, QLC ce: giga 42 na farko tana rubuta su da gudun mega 530 a daƙiƙa, daga nan ta sauka zuwa 80. 'Yar'uwarta 870 EVO mai tera 1, TLC, tana riƙe gudunta har ƙarshe. Ka ce za ka kwashe finafinai giga 500 ga abokin ciniki da motarsa ke shirin tashi zuwa Kancari. EVO ta gama cikin minti 16 ko 17. QVO sai ta haura awa ɗaya da rabi. A shago kuwa, in mai kaya ya gwada maka da fim ɗaya, duk biyun daidai za ka gan su. Ni dai ba na ganin laifin QLC ga mai zuba kaya sau ɗaya ya yi ta kallo. Ga mai zubawa da gogewa kullum ne ba ta dace ba. Duba kuma lambar TBW, wato yawan rubutun da kamfani ya lamunce: 600 ga waccan EVO, 360 ga QVO.

Kar ka cika ta maƙil, don zauren nan raguwa yake yi in ciki ya cika. Zafi ma yana rage mata gudu, ita da kanta take ja da baya don kar ta lalace, kuma ka san Wagadugu a watan Afrilu, ma'auni na wuce 40. Gidan ƙarfe ya fi na roba, inuwa ta fi kan teburin kwano. Sannan ramin da ka soka ta: in tsohon USB 2.0 ne, bai wuce mega 35 zuwa 40 ba, giga 500 ɗin nan sai ta ci maka awa huɗu, ko wace irin SSD ka saya.

Sai jabu, wanda ya cika kasuwannin kan iyaka. In aka ce maka tera 16 a kuɗin da bai kai na tera 1 ba, an sha fasa irinsu a tarar da ɗan katin memori manne a ciki, an yi masa dabara yana faɗin ƙarya. Yana karɓar kaya ba musu, ran da ka buɗe ka tarar babu komai. Akwai manhaja ta kyauta, H2testw, tana cika ma'ajiya ta sake karantawa ta faɗa maka gaskiyar cikinta. Yi sharaɗi da mai kaya cewa za ka gwada kafin ciniki ya faɗa. Amma in kwamfuta ta nuna giga 931 a kan mai tera 1, wannan ba cuta ba ce, bambancin lissafi ne.

Wanda ke da kaset ɗin tsohuwar Zangouettin yana son ya maida su kwamfuta, ya sani SSD da aka jefa a adaka shekaru ba wuta, cikin zafi, tana iya zubar da abin da ke cikinta, kuma ba ta yin ƙara kafin ta mutu yadda mai faifai ke yi. Ya yi kwafi biyu, ɗaya a SSD, ɗaya a diski mai faifai a gidan wani ɗan'uwa, kaset ɗin kuma kar ya yar.