Majami'ar Ebenezer a Ƙasar Ostareliya: Tarihinta da Gininta

A bakin kogin Hawkesbury, arewa maso yamma da birnin Sidni, akwai wani ƙauye da ake kira Ebenezer, watau "dutsen taimako" da Ibrananci. A nan ne majami'ar da ta fi kowace daɗewa a tsaye a ƙasar Ostareliya take. An san ta da sunan ɗarikar Firesbiteriyan, wadda dattawan jama'a ke riƙe da al'amuranta, ba bishop ba. Amma fa ba da wannan suna aka kafa ta ba.

Asalinta kuwa, a shekarar 1802 waɗansu iyalai suka zo daga Birtaniya cikin jirgin ruwa mai suna Coromandel. Ba fursunoni ba ne, da ra'ayin kansu suka zo. Aka yanka musu gonaki a ƙasar da tun fil azal ta mutanen Darug ce. Da fari a gindin itace suke ibada, James Mein yana yi musu jagora, ko da yake shi ba limami ba ne. A 1808 suka kafa ƙungiya don yaɗa addini da koyar da yara, suka haɗa kuɗi da ƙarfi, ginin ya tsaya a 1809.

Wanda ya dubi ginin zai ga halin maginansa. Ɗaki ne guda mai kusurwa huɗu, na sassaƙaƙƙen dutsen yashi, ba hasumiya, ba zane, ba wani ado. An ɗora shi bisa tudu, gama kogin nan ya saba ambaliya. Abin da ya fi jan hankali shi ne, a dā an raba cikinsa biyu: gefe guda masujada, gefe guda makaranta. Manoman nan ba su da halin gini biyu, ba su kuwa yarda 'ya'yansu su tashi ba karatu ba. Daga baya aka gina wa malamin makaranta gidansa na dutse a kusa.

Su kansu masu ginin ɗarikunsu dabam dabam ne. Sai a 1824, sa'ad da John Dunmore Lang ya zo ya ba da jibin Ubangiji bisa ƙa'idar Sikotilan, sa'an nan majami'ar ta zama ta Firesbiteriyan sosai. Haka ta zauna har 1977, lokacin da ta shiga haɗaɗɗiyar ikilisiyar Ostareliya.