Katin da ke riga mai shi isa ofis

A ƙarshen ƙarni na 19, wata dabara ta addabi kamfanonin inshorar rai a Amurka. Mutum ya nemi inshora, likitan kamfani ya gano yana da ciwon zuciya ko tarin fuka, a ƙi karɓarsa. Sai ya wuce wani kamfanin ya ja bakinsa ya yi shiru. In ya dace da likita mai gaggawa, a rubuta shi lafiyayye, ranar da ya rasu kuma a biya magada kuɗin da ba a yi lissafinsu ba.

Likitocin kamfanonin suka fara musayar sunayen waɗanda aka ƙi, kuma a 1902 suka kafa Medical Information Bureau, wato MIB. Da kati aka fara aikin, irin wanda ɗakunan karatu ke jera littattafai da shi. Kowane kati na ɗauke da suna, ranar haihuwa, da 'yan alamomin da ɗan gida kaɗai ke iya karantawa.

Har yau da alamomi MIB ke aiki. Ba ta ajiye takardun asibiti. Abin da take riƙewa taƙaitacce ne: hawan jini, ciwon sukari, sakamakon gwajin da ya saɓa, wasa mai haɗari kamar dirowa da lema daga jirgi, ko tarihin tuƙin ganganci. Ana share bayani bayan shekara 7, kuma ƙa'idarta ta hana kamfani ƙin mutum saboda alamar kaɗai, sai ya yi nasa binciken. Hujjar kamfanonin tana da ƙarfi, domin ƙaryar mutum ɗaya masu gaskiya ne ke biyanta ta hanyar ƙarin kuɗi. Rauninta shi ne, tsawon kusan shekara 70 wanda aka rubuta ba shi da ikon doka na neman a gyara. In likita ya yi kuskure, ko aka haɗa shi da takwaransa, kuskuren na biye da shi ofis-ofis bai sani ba.

Abin da ya fasa ƙwan ma daga wani wuri ya fito. Kamfanin Retail Credit na Atlanta, wanda aka kafa a 1899, yana tura masu bincike su tambayi maƙwabta: wane yana shan giya? Da wa yake zaune? Ya sayar wa masu inshora amsar, tsegumi da gaskiya a haɗe. Bayan zaman sauraron bahasi a majalisar dokokin Amurka, Sanata William Proxmire ya jagoranci dokar Fair Credit Reporting Act ta 1970, wadda ta ba mutum damar sanin abin da aka rubuta a kansa da ƙalubalantarsa. Retail Credit ya sauya suna zuwa Equifax a 1975. Gyaran da aka yi wa dokar a 2003 ya ƙara da ba kowa rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara.

Inshorar mota da ta gida suna da nasu rumbun, CLUE, wanda yanzu yake hannun LexisNexis. Yana riƙe da ranar asara, irinta, da diyyar da aka biya, shi ma na shekara 7. Abin lura a nan, tarihin yana manne wa gidan kansa: wanda ya sayi gidan da ruwa ya taɓa ɓatawa zai iya tarar da farashin inshorarsa ya hau saboda diyyar da mai gidan na da ya karɓa. Tsohon mai rumbun, ChoicePoint, ya amsa a 2005 cewa 'yan damfara da suka yi shigar 'yan kasuwa sun sayi bayanan mutum sama da 160,000 daga hannunsa. Aka ci shi tarar dala miliyan 10, da wasu miliyan 5 na biyan waɗanda abin ya shafa.

Nijeriya ma tana da nata, NIID, na ƙungiyar kamfanonin inshora, sai dai an gina shi ne don gano takardun inshorar mota na jabu. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba ɗan ƙasa ikon neman abin da aka ajiye a kansa, da neman a gyara in akwai kuskure.