Ƙawance da ƙuri'ar talaka: waiwaye a kan gwamnatocin haɗin gwiwa a Nijar

Wata rana ina cikin aji muna nazarin kalmomin siyasa da suka shigo Hausa, sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce: "Mushe, in jam'iyyar da ta zo ta farko a zaɓe ta koma adawa, waɗanda ta kayar kuma suka haɗu suka kafa gwamnati, ina dimokuraɗiyya a nan?" Tambayar ta fi ƙarfin amsar minti biyar. Na kuma san ba shi kaɗai ke yin ta ba, don na sha jin ta a bakin malamai ƴan'uwana da kuma wuraren hira. Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Saboda haka bari mu koma ga tarihin ƙasarmu, domin a kan wannan batu Nijar ba ta buƙatar aron misali daga nesa.

Ƙawancen jam'iyyu ya girmi ƴancin kai. A shekarar 1956 jam'iyyar UDN ta Jibo Bakari ta haɗu da BNA, wadda sarakuna da dama ke mara wa baya, suka zama MSA, wadda jama'a suka fi sani da Sawaba. A zaɓen watan Maris na 1957 wannan haɗaka ta samu kujeru 41 daga cikin 60, ta kafa gwamnatin farko ta ƴan ƙasa. Sai dai ɗan ƙwadago mai neman sauyi da basarake mai tsaron gadonsa ba su da abin da ya haɗa su sai adawa da PPN-RDA. Da ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 ta zo, Jibo ya ce a'a, sarakuna da yawa suka janye suka bi i, hukumar Faransa ta sa nauyinta a gefe guda, gwamnati ta faɗi. A 1959 aka haramta Sawaba, ƙasa ta shiga mulkin jam'iyya ɗaya, daga baya na soja, har sama da shekara talatin.

Taron ƙasa da aka yi a Yamai daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 shi ya sake buɗe ƙofa. Kundin tsarin mulkin da aka amince da shi ranar 26 ga Disamba 1992 ya raba iko tsakanin shugaban ƙasa da jama'a suka zaɓa da firaminista wanda majalisa ke iya tsigewa. An kuma tsara cewa kujerun majalisa a raba su gwargwadon ƙuri'un da kowace jam'iyya ta samu a jiha. Wanda ya zaɓi irin wannan tsari ya zaɓi ƙawance, ko ya sani ko bai sani ba, domin da wuya jam'iyya ɗaya ta kwashe fiye da rabi.

Haka kuwa aka yi. A zaɓen majalisa na 14 ga Fabrairu 1993, MNSD-Nasara ta zo ta farko da kujeru 29 daga cikin 83, CDS-Rahama ta samu 22, PNDS-Tarayya 13, ANDP-Zaman Lahiya 11. Waɗannan uku na baya da wasu ƙananan jam'iyyu suka ƙulla ƙawancen AFC, suka tashi da kujeru 50. A zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa Tanja Mamadu ne kan gaba da kashi 34 cikin ɗari, Mahamman Usman na biye da kusan kashi 27. A zagaye na biyu, ranar 27 ga Maris, Mahamman Usman ya yi nasara da kashi 54. Mahamadu Isufu ya zama firaminista, Mumuni Adamu Jarmakoy ya zama shugaban majalisa. Ina yaro a lokacin, amma ban manta da yadda kalmar canji ta cika tituna ba.

To, an yi wa MNSD ƙwace ke nan? Lissafi bai ce haka ba. Wanda ya samu kashi 34 ya fi kowa, amma kashi 66 ba shi suka zaɓa ba. Zuwa na farko daban, samun rinjaye daban. Abu na biyu, an san da ƙawancen AFC kafin zagaye na biyu. Duk wanda ya jefa ƙuri'a ranar 27 ga Maris ya san wa ke tare da wa, jama'a kuma suka sa hannu. Ta wannan fuska gwamnatin 1993 tana da halaccin da babu gwamnatin da ta riga ta a ƙasar nan da ta taɓa samu.

Rauninta yana wani wuri. Abin da ya haɗa AFC shi ne kawar da jam'iyyar da ta gaji mulkin soja. Da aka kawar da ita, sai aka ga babu wata manufa guda da ta rage. CDS da PNDS ba su da ra'ayi ɗaya a kan tattalin arziki, kowace kuma da yankin da ƙarfinta yake. Abin da aka fi saurin daidaitawa a kai shi ne rabon muƙamai: ministoci, shugabannin kamfanonin gwamnati, masu mulkin jihohi da gundumomi. Jama'a da kansu suka raɗa wa wannan zamani suna, suka kira shi wasoso. Ana cikin haka aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu 1994, ma'aikata na bin bashin albashi, yajin aiki ya yawaita, makarantu suka sha rufewa. Malaman da suka koyar a waɗannan shekaru ba su buƙatar a tuna musu.

A watan Satumba 1994 shugaban ƙasa ya fitar da wata doka da ta rage ikon firaminista. Isufu ya yi murabus ranar 28 ga watan, PNDS ta fita daga AFC ta haɗa kai da MNSD, wadda jiya-jiya aka haɗu don kayar da ita. A nan tambayar ɗalibina take da ƙarfi. Manomin Tawa da ya zaɓi PNDS don ya ga bayan tsohon mulki, da ƙuri'arsa aka ƙulla sabon ƙawance ba tare da an tambaye shi ba. Amma tsarin mulki ya tanadi magani. Sabon rinjaye ya tsige gwamnatin Sule Abdullahi a watan Oktoba, shugaban ƙasa ya rusa majalisa, aka koma gaban jama'a ranar 12 ga Janairu 1995. Wannan karon kowa ya san inda kowa ya tsaya, ƙawancen MNSD da PNDS ya samu kujeru 43, magoya bayan shugaban ƙasa 40.

Da an karɓi wannan hukunci da zuciya ɗaya, da tarihi ya bi wata hanya. Shugaban ƙasa ya naɗa Amadu Sise, wanda ba shi rinjaye ya gabatar ba. Majalisa ta tsige shi cikin makonni biyu, aka naɗa Hama Amadu a watan Fabrairu. Daga nan aka shiga zaman doya da manja. Aka yi ta jayayya a kan wa ke da ikon naɗa shugabannin kamfanonin gwamnati, wa ke tsara abin da za a tattauna a taron ministoci, har taron ma ya riƙa gagara. Kundin 1992 bai fayyace iyakar kowa ba, kowane ɓangare ya karanta shi yadda ya yi masa daɗi. Duk da haka, adalci ne a tuna cewa a cikin wannan shekara ce aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995 da ƴan tawayen arewa. Ranar 27 ga Janairu 1996 Kanar Ibrahim Bare Mainasara ya kifar da Jamhuriya ta Uku, shugaba da firaminista da shugaban majalisa duka suka rasa kujerunsu a yini ɗaya.

Tun daga ranar ake cewa ƙawance ne ya kashe Jamhuriya ta Uku. Jamhuriya ta Biyar ta nuna maganar ba ta cika ba. Kundin 1999 ya ɗauki darasi: ya ce shugaban ƙasa zai zaɓi firaminista daga cikin sunaye uku da rinjayen majalisa ya miƙa masa. A zaɓen wannan shekara MNSD ta samu kujeru 38, CDS 17, suka haɗu suka zama 55. Mutanen da suka kasa zama a ɗaki ɗaya a 1995 su ne suka riƙe ƙasa tare: Tanja a fadar shugaban ƙasa, Hama a firaminista, Mahamman Usman a shugabancin majalisa. An sabunta ƙawancen a 2004, ya kuma kai kusan shekara goma, ƙasa ta samu natsuwar da ta daɗe ba ta gani ba.

Wannan ƙawance ya nuna wani amfani da gwamnatin jam'iyya ɗaya ba ta da shi. Lokacin da badaƙalar kuɗin ma'aikatar ilimin firamare ta fito, ƴan adawa su kaɗai ba su da yawan da zai kayar da gwamnati. Ranar 31 ga Mayu 2007 ƴan majalisa 62 daga cikin 113 suka tsige gwamnatin Hama Amadu, cikinsu har da na jam'iyyun da ke ƙawance da ita. Haka nan a 2009, da aka taso da tazarce, CDS ta janye ministocinta daga gwamnati. Abokin ƙawance yana iya zama birki. Sai da aka rusa majalisa da kotun tsarin mulki, wato aka cire duk wani birki, sannan aka kai ga juyin mulkin 18 ga Fabrairu 2010.

Jamhuriya ta Bakwai ta maimaita darussan biyu. A watan Janairu 2011 jam'iyyar Lumana ta Hama Amadu ta shiga ƙawance da MNSD da CDS. Bayan zagayen farko ta koma bayan Isufu, wanda ya ci zaɓe da kashi 58. A watan Agusta 2013 aka kafa abin da aka kira gwamnatin haɗin kan ƙasa, Lumana ta fice, aka shigo da wasu manyan ƴan adawa ba da yardar shugabannin jam'iyyunsu ba, jam'iyyu suka dare gida biyu. Wannan nau'i shi ya fi kowane cutar da mai zaɓe. Idan kowa ya shiga gwamnati, babu mai tsayawa ya tambayi inda kuɗi suka tafi, talaka kuma ya rasa wanda zai zaɓa in yana son sauyi.

Akwai wani abu da ya kamata a lura da shi. Daga 1993 zuwa 2021, sau biyu kawai jam'iyya ɗaya ta samu fiye da rabin kujerun majalisa: a Nuwamba 1996 da Oktoba 2009. A duka biyun manyan jam'iyyun adawa sun ƙaurace wa zaɓen. Shugaba ɗaya ne aka ce ya ci tun zagayen farko, shi ne Bare a Yuli 1996, bayan an rusa hukumar zaɓe ana cikin ƙidaya. Ma'ana, duk lokacin da aka bar ƴan Nijar suka yi zaɓe kowa na ciki, sun ƙi ba mutum ɗaya komai. Ƙawance hoton ƙasar ne yadda take, da Damagaram da Tawa da Dosso da Tillaberi da sauransu, kowa da muryarsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wasu ƙasashe sun yi wa wannan hali dokoki. A Jamus jam'iyyu kan rubuta yarjejeniyar ƙawance a buga ta kowa ya karanta, kuma majalisa ba ta iya tsige shugaban gwamnati sai ta zaɓi magajinsa a ƙuri'a guda. Da jam'iyyar FDP ta sauya ɓangare a 1982, aka koma zaɓe a Maris 1983 don jama'a su yi hukunci. A ɗaya gefen, a Birtaniya jam'iyyar Leba ta yi mulki ita kaɗai bayan zaɓen 2005 da kashi 35 na ƙuri'u. Gwamnatin jam'iyya ɗaya ba lallai ta fi wakiltar jama'a ba.

Amsar da na ba ɗalibina a ƙarshe ita ce kada ya tambayi jam'iyyu nawa ne a gwamnati. Ya tambaya ko mai zaɓe ya san da ƙawancen kafin ya jefa ƙuri'a, ko an haɗu a kan aiki da aka rubuta ko a kan kujeru, ko an bar adawa da ranta, kuma in ƙawancen ya rushe ko an koma wurin jama'a an karɓi abin da suka ce. AFC ta ci tambaya ta farko ta faɗi ta biyu. A 1995 an koma wurin jama'a, aka ƙi jin amsarsu. A 2013 adawa aka raunana.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, an rusa jam'iyyun siyasa a watan Maris 2025. Wani zai ce to batun ya zama tarihi. Amma ɗaliban da ke gabanmu su ne za su karanta kundin da za a rubuta nan gaba, wasunsu ma su za su rubuta shi. Ko da wane suna ƙungiyoyin siyasa suka dawo, bambancin ra'ayi da na yanki yana nan, kuma tilas a zauna a daidaita. Aikinmu na malamai da ƙungiyoyin raya al'adu shi ne mu ba yaran nan wannan tarihi da shekarunsa da alƙalumansa, cikin harshen da suke ji, domin ranar da aka zo neman ƙuri'arsu su iya tambaya: da wa za ka haɗu, kuma a kan me?