Hoton Gida Shaida Ne ko Shiri? Nazari a kan Ayyukan Santu Mofokeng da Lebohang Kganye

A shekarar 1997, wajen babban baje kolin zane-zane na birnin Johannesburg a Afirka ta Kudu, Santu Mofokeng ya nuna wa jama'a hotunan da ba shi ya ɗauka ba. Mofokeng, wanda ya girma a Soweto, ya riga ya yi suna da hotunan rayuwar baƙar fata a zamanin wariyar launin fata. A wannan karon kuwa gida-gida ya bi yana neman tsofaffin hotunan iyali da aka ɗauka tsakanin 1890 da 1950, ya sake ɗaukarsu, ya haska su a bango da majigi, yana saka tambayoyi a rubuce a tsakaninsu. Ya sa wa aikin suna The Black Photo Album / Look at Me. Shekaru goma sha shida bayan haka, Lebohang Kganye, 'yar Katlehong da aka haifa a 1990, ta fitar da Ke Lefa Laka, inda ta shigar da kanta cikin hotunan mahaifiyarta da ta rasu a 2010. Abin da nake son kafawa a wannan maƙala shi ne, sarrafa hotunan iyali ta hanyar fasaha ba cin amanar tarihi ba ne, domin hoton gida tun ranar da aka ɗauke shi shiryayye ne. Sai dai akwai sharaɗi, kuma sharaɗin yana da nauyi.

Mu fara da abin da ke cikin hotunan da Mofokeng ya tattara. Maza ne sanye da kwat da laktaye, wani ya dafa kujera, wani ya riƙe malafa. Mata cikin dogayen riguna irin na Ingila na zamanin Sarauniya Victoria, a bayansu labule mai zanen ginshiƙai. Da yawansu sun yi karatu a makarantun mishan, wasu sun mallaki filaye kafin dokar filaye ta 1913 ta taƙaita wa baƙar fata mallaka zuwa kusan kashi 7 cikin 100 na ƙasar. Muhimmin abu shi ne su suka je wurin mai hoto, su suka biya, su suka zaɓi tufafin. A daidai wannan zamani Alfred Duggan-Cronin yana yawo yana ɗaukar baƙar fata cikin fatu da duwatsun ado, hotunan da suka cika littattafansa na The Bantu Tribes of South Africa daga 1928 zuwa 1954. Hukumar wancan lokaci kuma tana da nata hoton, wato na littafin izinin zirga-zirga da dokar 1952 ta ɗora wa baƙar fata. Ke nan mutum ɗaya yana iya samun fuska uku: wadda mai binciken ƙabilu ya ba shi, wadda ɗan sanda yake nema, da wadda shi ya zaɓar wa kansa. Ta ukun ce kaɗai ba ta shiga gidajen tarihi ba, ta zauna a bangon falo da cikin akwati, wasu ma jikoki suka watsar da hotunan don suna ganin kakanninsu kwaikwayon Turawa kawai suke yi.

To, ita wannan ta ukun gaskiya ce? Idan ana nufin ko haka mutanen suke shiga kullum, a'a. A Bamako ma mai hoto Seydou Keïta ya kasance yana ajiye agogo da rediyo da babur a ɗakin hotonsa don masu zuwa su ara. Amma wanda ya ari agogo ya tsaya gaban kyamara ya gaya mana abin da yake so a tuna shi da shi, kuma wannan buri kansa tarihi ne. Hausawa na cewa gani ya kori ji, sai dai a sha'anin hoton gida ji ne yake ceton gani. Mofokeng ya fahimci haka, domin ya yi shekaru yana aiki da sashen tattara tarihin baka na Jami'ar Witwatersrand. Inda dangi suka iya faɗin suna da sana'a, ya rubuta. Inda babu mai sani, ya bar wurin a buɗe, bai ƙirƙiro wa kowa suna ba.

Kganye ta wuce nan. Ta buɗe adakar mahaifiyarta ta tarar tufafin da ke cikin hotunan suna nan. Ta saka su, ta nemi wuraren da aka ɗauki hotunan tare da taimakon kakarta, ta tsaya yadda uwar ta tsaya, sannan ta ɗora hoto a kan hoto a kwamfuta. Mai kallo yana ganin mata biyu cikin riga guda, kafaɗar ɗaya ta ratsa ta ɗayar, fuskokin sun kusa haɗuwa amma ba su haɗu ba. A ɓangare na biyu na aikin ta koma ga kakanta namiji, wanda ba ta taɓa gani ba, wanda shi ne ya fara barin gonakin Orange Free State ya nufi birni. Ta sa kwat irin tasa, ta faɗaɗa hotunan dangi zuwa tsayin mutum a kan kwali, ta jera su, ta shiga tsakiyarsu tana kwaikwayon labaran da ta ji daga bakin 'yan uwa. A 2024 ta ci kyautar Deutsche Börse, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan hoto a duniya.

Masanin tarihi yana da damar ya ɗaga gira a nan. Zai ce an gurɓata hujja, an cakuɗa abin da ya faru da abin da 'ya take fata. Ƙorafin ba na banza ba ne, musamman yanzu da na'ura take iya sa hoton mamaci ya yi murmushi har ya motsa baki. Amma a duba aikin da kyau. Kganye ba ta ɓoye ɗinkin ba. Kwalin a fili yake kwali ne, gefensa da aka yanke ana ganinsa. Hotunan biyu da ta ɗora ba ta goge ɗaya don ɗayan ya zama sahihi ba. Wannan shi ne sharaɗin da na ambata: mai fasaha ya bar alamar hannunsa, ta yadda mai kallo zai iya raba abin da aka gada da abin da aka ƙara. Marianne Hirsch, a littafinta Family Frames na 1997, ta yi bayanin yadda 'ya'ya suke ɗaukar tunanin abin da bai faru a idonsu ba har ya zama kamar nasu. A ganina aikin Kganye ya fi wannan bayani gaskiya, saboda yana nuna tazarar da ba ta cikuwa tsakanin magaji da wanda ya gada.

Ƙorafi na biyu ya fi damuna, kuma mai karatu Bahaushe zai ji shi a jikinsa. Mamaci ba ya ba da izini. Matar da ta yi kwalliya don albam ɗin ɗakinta ba ta yi don bangon gidan baje koli ba. Kganye 'ya ce, ta kuma yi aikin tare da danginta, wannan ya sassauta lamarin. Mofokeng kuwa hotunan wasu gidaje ya ɗauko, abin da ya kare shi shi ne ladabin tambaya da ƙin yanke wa mutanen hukunci. Wanda bai da ɗayan biyun nan, to sirrin gida yake tallatawa, komai kyawun abin da ya fitar.

Mu ma muna da irin wannan taska: hoton fasfon alhazan farko da suka hau jirgi, hoton amarya da ƙawayenta cikin anko, hoton ɗan makaranta ranar da ya gama, har da wanda aka yanke gefensa da almakashi don an rabu da wata. Gara da ɗigar ruwa suna cinsu, masu sanin sunayen kuma suna ta tafiya. Mofokeng da kansa ya rasu a 2020. Kafin wani ya yi tunanin sarrafa hoton gidansu ya zama zane ko fim, ya ɗauki albam ɗin ya je gaban gwaggo ko kawu, ya kunna rikodar wayarsa, ya tambayi wane ne wannan, a ina aka ɗauka, wace ce aka yanke. Ya rubuta amsar da fensir a bayan hoton, tare da sunan wanda ya faɗa masa.