Falaki Gadon Gidanmu Ne

'Yan uwa ɗalibai, duk wanda ya ce muku ilimin taurari na Turawa ne, ku tambaye shi labarin Muhammadu al-Katsinawi. Malamin nan ya bar ƙasar Hausa ya sauke farali, ya zauna a Alƙahira yana rubutu kan lissafi da taurari har ya rasu a 1741. Malaman zaure kuwa da manzilolin wata 28 suke lissafa wa manoma damina da rani. Kakanninmu sun san Gamzaki, sun san Kaza da 'Ya'yanta.

A zamaninmu, an kafa hukumar NASRDA a 1999. A Satumban 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga Rasha, sai NigeriaSat-X a 2011, wanda injiniyoyinmu suka harhaɗa a Ingila. A 2013 Abuja ta karɓi taron farko na horar da matasan masana taurari na Afirka ta Yamma, ya kuma dawo a 2019.

Amma da na taso daga Karu zuwa Lugbe sauraron lacca kan sararin samaniya, wallahi mu 'yan Arewa ba mu cika yatsun hannu ba. Wani abokina ma cewa ya yi ai duba ne. Haba! Duba daban, falaki daban. Da falaki ake fitar da alƙibla, da lokutan salla, da ranar husufi. Mu da muke kwana jiran sanarwar ganin wata daga Sakkwato duk Ramadan, mu ya fi shafa.

Makon sararin samaniya na duniya 4 zuwa 10 ga Oktoba ne kowace shekara. Don Allah ku tanadi kuɗin mota.