Tarihin Ƙasa: Tekun da Ya Taɓa Rufe Wurno da Goronyo

Masana ilimin ƙasa sun tabbatar da cewa kimanin shekaru miliyan 70 da suka wuce, wani teku mara zurfi da ya ratso Sahara ya mamaye yankin Wurno, Rabah da Goronyo. Da ruwan ya janye, ya bar laka da rairayi da ƙasusuwan halittu, waɗanda suka daskare suka zama duwatsu hawa-hawa. Masana suna kiran ɗaya daga cikin hawan da sunan Wurno, wani kuma da sunan Dukamaje.

A duwatsun Dukamaje ne aka tono ƙasusuwan wata babbar dabbar ruwa, dangin ƙadangare. A shekarar 1972 masana daga Italiya suka raɗa mata suna Goronyosaurus, wato ƙadangaren Goronyo. Dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi a Sakkwato ma, ajiyar teku ne.

Ana kira ga malaman firamare da su riƙa koyar da yara wannan tarihi. Haka kuma, duk manomi ko mai haƙar rijiya da ya ci karo da ƙashi ko haƙori da ya zama dutse, kada ya fasa shi ko ya sayar. Ya sanar da hakimi ko ƙaramar hukuma, domin a miƙa wa masana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.